Tumaki Bakwai a Hanyar Gidan Jaɓɓo

Ranar Lahadi da la'asar aka gano tumakin Alhaji Mukhtar sun ɓace, kuma kafin rana ta faɗi mun riga mun kama ɓarawo, mun ɗaure shi, har mun yanke wa wani tsohon ɗaki hukuncin rushewa. Mu mutanen ƙauyen nan na bayan Gidan Katta ba mu da nawa idan abin kunya za a yi. Na ce mu, domin ina ciki. Sunana Sirajo, kabu-kabu nake yi tsakanin ƙauyenmu da Illela tun gashin kaina yana baƙi, kuma babur ɗina ne a gaba ranar da aka tafi kamun.

Tumaki bakwai ne, irin uda masu dogayen ƙafafu, gaba baƙi baya fari. Alhaji ɗan canji ne a bakin iyaka, Lahadi kuwa, ranar kasuwar Illela, ba ya wuni a gida. Ya dawo ya tarar da turaku bakwai da igiyoyi bakwai a ƙasa. An yi ruwa daren Asabar, ƙasa ta yi laushi, ko mai ciwon ido zai ga sawun ya miƙe arewa, hanyar Gidan Jaɓɓo. Muka ɗunguma, babura tara da masu sanduna a ƙafa.

Gidan Jaɓɓo suna ne kawai ya rage masa. Ɗaki ne ɗaya na ƙasa, da rijiya, da bishiyar aduwa, tafiyar awa guda da rabi daga gari, babu gida a kusa ko na shan ruwa. Jaɓɓo, wani Bafulatani makiyayin tumaki, shi ya gina shi, ya rasu shekaru sama da talatin. Tun daga nan ɗakin ya zama na kowa. Masu itace, da matafiya zuwa Ƙonni ta tsallaken iyaka, da mu 'yan kabu-kabu idan hadari ya ritsa da mu, duk nan muke fakewa.

Tumaki dai ba mu gan su ba. Wani baƙon makiyayi muka tarar yana sallame salla a ƙofar ɗakin, mai suna Jabiru, muka yi ram da shi.

A zauren Maigari kowa ya zama alƙali. Aka ce ɗakin nan ya zama maɓoyar ɓarayi, daga can tsallaka iyaka ba wuya. Aka tuno awakin da suka ɓace bara, da jakin da ya ɓace bara waccan, duk aka jibga wa ɗakin. Maigari ya gaji da hayaniya ya yanke magana: ranar Talata da hantsi a tafi da diga a baje ɗakin, a miƙa Jabiru ga hukuma.

Mutum ɗaya ce ba ta yi ihu ba. Goggo Kubra, 'yar Jaɓɓo, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, wadda duk Juma'a take tafiya a ƙafa ta share ɗakin ta cika tulu. Tana tsaye a bakin zaure, ta riƙe bango.

"Ranka shi daɗe," ta ce, "ɗakin Baffa na."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Na ji tausayinta, amma ban fasa cewa a rushe ba.

*

Attahiru ya dawo da safiyar Litinin daga Tozai, inda aka kira shi neman raƙumi. Shi ne mai bin sawu na yankinmu, kuma taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin gaskiya a kansa: gajere ne, ga rowar magana, ga son goro na banza. Amma idan ya sunkuya a kan ƙasa, ko ni nakan yi shiru. Maigari ya ba shi yinin nan guda ya nemo tumakin. Na ɗauke shi a babur, kyauta kamar kullum, don bai taɓa tambayar kuɗin mai ba balle ya biya.

Da muka isa Gidan Jaɓɓo ya sauka, ya tsaya, ya dubi filin. An tattake shi kamar an yi dambe.

"Sirajo, wagga tayar wa ta?"

"Taya duk ɗaya ta, Attahiru."

"Mai faci biyu a gefen hagu? Taka ta. Kun zo neman sawu kunka kashe sawu. Da jakai anka turo da sun hi ku hankali."

Na ce masa jakai ba su da babur. Bai yi dariya ba. Ya juya ya kama hanyar gari a ƙafa, ni kuma ina tura babur a bayansa ina haki. Can wajen rabin hanya akwai wani ɗan kwari tsakanin gonakin gero biyu, inda ruwa ya kwanta. Mu masu babura mun zagaye shi jiya, masu sanduna suka bi mu. Tumaki kuwa ta ciki suka ratsa. Nan Attahiru ya durƙusa, ya daɗe har ƙafata ta yi sanyi.

"Zo nan. Mi kag gani?"

"Sawun tumaki."

"Ina na mutum?"

Na duba, na sake dubawa. Da ƙyar na ga gefen diddige a wuri ɗaya, da rabin babban yatsa a wani. Duk sauran kofato ya tattake shi.

"Sun taka shi," na ce.

"To. In kana kora dabba, wa ka taka sawun wani?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Mai kora a baya yake, sawunsa ne ke hawa kan na dabbobi. A nan kuwa na dabbobi ne a sama. Wanda ya tafi da tumakin nan a gabansu yake tafiya, su kuma suna biye.

"Kuma babu jan igiya," in ji Attahiru. "Dabbar da aka ja tana turjewa, tana kartar ƙasa. Waɗanga da son ransu sunka tahi. Tunkiyar uda ba ta bin baƙo, Sirajo, ko da dusa shike a hannunai. Ba ɓarawo za mu nema ba tukuna. Mu nemi wanda tumakin ga ka bi."

*

Farkon wanda zuciyata ta kawo mini shi ne Izzuddeen, ƙanin Alhaji Mukhtar, domin shi ke ba su abinci safe da yamma. Mun same shi a garken da Alhaji ya shafe da siminti, yana share abin da babu. Gwauro ne ɗan shekara talatin da biyu, mai ƙamshin turare fiye da na aiki.

"Jiya da hantsi ina kake?" Attahiru ya tambaye shi.

"Gida nike. Barci yak kwashe ni."

Attahiru ya ɗauki igiya ɗaya ya juya ta. Ba a yanke ta ba, kwance ta aka yi, har an naɗe ta da kyau an ajiye gefen turke. Sannan ya dubi takalmin Izzuddeen da ke bakin ƙofa.

"Barcin naka shina sa takalmi? Wagga jar laka ta bayan tashar Illela ta. Ƙauyen ga babu irinta."

Izzuddeen ya waiga ya tabbata yayansa ba ya kusa, sannan ya sauke murya. Ashe gidan kallon ƙwallo ya tafi tun da hantsi, ya bar ƙofar garke a saye kawai. Ya roƙe mu da girman Allah kada Alhaji ya ji.

"Tumakin suna binka in ka kira su?"

"Ni?" Ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna mana wani tabo a gwiwa. "Wata huɗu ina ba su dusa, ga ladata. Ko rijiya za ni kai su sai na ja, suna ja."

Kafin mu fita Attahiru ya tsaya a jikin katangar ƙasa ta bayan turakun. Daidai tsayin bakin tunkiya duk ta rarake, ta yi sumul. Ya shafa wurin da yatsa.

"Lasa sukai," in ji Izzuddeen. "Har leda suka ci in sun samu. Kwaɗayi gare su."

Attahiru ya dube shi, ya jefa goro a baki.

*

Jabiru yana zauren Maigari, an ɗaure masa ƙafa ɗaya da ginshiƙi. Dogo ne, siriri, zai yi shekara talatin da biyar. Ɗayar ƙafar a kumbure take. A gefensa akwai ƙwaryar fura da aka rufe da faifai. Mai gadinsa ya ce Goggo Kubra ce ta aiko, jiya da yau, muka ce ai jini ba ya ƙarya a tsakanin Fulani. Da ya gan ni ya gane ni, domin ni na riƙe masa hannu ta baya. Na rasa inda zan sa idona.

Ya ce shanu yake kiwo a wajen Gwadabawa, zai je duba mahaifiyarsa ne a bayan Ƙonni. Ruwan Asabar ya tare shi, ya kwana a ɗakin. Ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, shi ya sa ya wuni.

"To kana wurin dud da rana," in ji Attahiru. "Tumaki bakwai sunka zo har ƙohwar ɗakin. Wa yaz zo da su?"

"Ban ga kowa ba."

"Jabiru, gobe hukuma za a kai ka."

"Na ji."

"Kuma ba ka ga kowa ba?"

Jabiru ya dubi rufin zauren. "Ban ga kowa ba, Baba."

Da muka fito na ce wa Attahiru wannan kam ƙarya yake yi, ko yaro ya gani.

"Ƙarya shikai," ya ce. "Amma mai ɗingishi ba shi barin diddige irin wanda munka gani. Tada babur."

*

Kara, kasuwar dabbobi ta Illela, ranar Litinin fili ce kawai da kashin dabbobi. Mun sami Sufyanu dillali a rumfar mai shayi. Shi ya haɗa cinikin tumakin da Alhaji, kuma an ji shi yana cewa da a Ƙonni aka kai su da sun fi daraja da sefa. A ƙauyenmu wannan maganar ta isa a ɗaure mutum.

Sufyanu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya kira sunayen mutum biyar da suka wuni tare da shi a kasuwa jiya, cikinsu har da limamin kara.

"Kuma ni tumakin ga su bi ni? Ran da anka sai da su, amalanke munka ɗora su, mu huɗu, suna kuka awa ana yanka su."

"Wa yas sai da su?"

"Maccido mana, ɗan Goggo Kubra. Tana Sakkwato anai mata aikin ido, yak kwaso su yas sayi babur. Ta dawo tat tarar da garke wayam."

Na dafa gwiwar Attahiru. Ga shi nan, na ce a raina, ɗa ya sayar ya dawo ya sace. Amma Sufyanu ya kashe mini hanzari. Maccido yana Legas da babur ɗinsa tun kafin azumi, kuma a cewarsa, ko akuya ɗaya Maccido bai iya kira ta waiwayo ba.

Attahiru bai ƙara tambayar komai ba. Ya bar shayinsa rabi, abin da ban taɓa gani ba tun da Allah ya haɗa ni da shi.

Ya ce mu koma Gidan Jaɓɓo. Wannan karon bai dubi filin ba. Ya zagaya bayan ɗakin, inda ƙasa ke da wani fari-fari kamar an barbaɗa toka, ya wuce zuwa fakon duwatsu da ya gangara wani kwazazzabo. Ya ce in jira shi a gindin aduwa. Na jira kusan awa guda. Da ya dawo na tambaye shi me ya gani, ya ce ya ga duwatsu.

*

Goggo Kubra tana zaune a tsakar gidanta da la'asar, ƙwaryar gero a gabanta, ba ta taɓa ta ba. Ta shimfiɗa mana tabarma. Attahiru ya gaishe ta a durƙushe, yadda yake yi tun yana saurayi, domin a hannun mahaifinta ya koyi bin sawu. Bai tambaye ta tumaki ba. Cewa ya yi ta ba shi labarin ɗakin, tunda gobe za a rushe shi.

Ta fara, idonta a ƙasa.

Ta ce Jaɓɓo daga arewa ya gangaro da tumaki ɗari da wani abu, tun tana goye. Mutane suka yi ta mamakin mutumin da ya bar gari ya zauna a fako. Ba su san abin da ya gani ba. Farar ƙasar nan ta bayan ɗakin kanwa ce a cikinta. Duk farkon damina, idan ruwa ya jiƙa ta, tumaki sukan lasa kwana uku, cikinsu ya wanke, gashinsu ya kwanta. Don ita ya haƙa rijiya, ya gina ɗakuna uku, ya kewaye wani lungu na kwazazzabo da duwatsu saboda kuraye.

Sai shekarar babban fari. Tumaki suka yi ta faɗuwa har saura huɗu. A lokacin ne mutanen arewa suka riƙa gangarowa a ƙafa, da tsofaffi da jarirai, kuma gidan Jaɓɓo ne hayaƙi na farko da suke hangowa. Ta ce akwai lokacin da suka kwana su arba'in a ɗakunan nan uku. Jaɓɓo ya yanka biyu cikin huɗun da suka rage masa. Ita da mahaifiyarta suka karɓi haihuwa biyar a ɗakin da ya saura yanzu, suka yi wa mutum uku sutura a gindin aduwa.

"Biyun da sunka rage," ta ce, "su na asalin duk tunkiyar da nit taɓa riƙewa."

Ɗakuna biyu ruwa ya cinye su bayan rasuwarsa. Da zai cika ya ce mata gona ta ci, tumaki ta riƙe, amma ɗakin ba nata ba ne, na wanda hanya ta kawo ne.

Attahiru ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Goggo," ya ce, "gobe Maigari za shi tambaye ni gaban jama'a. Baffa bai koya mani yi ma sawu ƙarya ba."

"Na sani, Attahiru."

"Kuma akwai bawan Allah ɗaure a zaure."

"Na sani," ta sake cewa.

Mun yi nisa a hanya kafin kaina ya kama. Na taka birki har Attahiru ya bugi bayana.

"Goggo?" na ce. "Goggo Kubra?"

"Tuƙa, Sirajo."

Ban iya tuƙawa ba sai da na ɗan zauna. Matar nan ta sha ba ni fura a ɗakin nan ina jiƙe sharkaf. Na ji haushinta saboda Jabiru, na ji tausayinta, na kuma ji tsoron gobe. Idan Attahiru ya faɗi sunanta, an kira tsohuwa ɓarauniya a gaban jikokinta. Idan ya yi shiru, ɗaki ya tafi, Jabiru ya tafi.

*

Talata da hantsi rabin gari yana Gidan Jaɓɓo. Majiya ƙarfi goma sha biyu sun zo da diga da shebur. Maigari ya zauna a gindin aduwa, Alhaji Mukhtar a damansa yana duba agogo. Attahiru ya sa an zo da Izzuddeen da Sufyanu, aka kawo Jabiru a babur ɗina, na tuƙa shi a hankali kamar na ɗauko ƙwai. Goggo Kubra tana can gefe cikin mata.

Attahiru ya sa wani ya kora akuya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bakin rijiya, ya nuna wa jama'a sawun mutum a kan na akuya. Sannan ya faɗi abin da ya gani a kwari.

"Ranka shi daɗe, ba a kora tumakin ga ba, ba a ja su ba. Bi sunka yi. Izzuddeen shi ka ba su abinci, ba su binai. Sufyanu a amalanke yak kawo su. Jabiru bai taɓa ganinsu ba kahin Lahadi, kuma ga ƙahwatai."

"To wa?" in ji Alhaji Mukhtar. "Attahiru, ina da aiki. Ka san shi ko ba ka sani ba?"

"Na sani, Alhaji."

"To hwaɗi!"

Attahiru ya buɗe baki ya rufe. Shekara hamsin na san mutumin nan, ban taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa ba sai ranar. Masu diga suka fara gyara tsayuwa. Ɗaya ma har ya dafa bangon ɗakin yana neman inda zai fara.

"Ɗauke hannunka, ɗan nan."

Goggo Kubra ce. Ta fito daga cikin mata, ta wuce ta gaban Maigari ba ta tsaya ba, ta zagaya bayan ɗakin har kan farar ƙasa. Ta fuskanci kwazazzabo, ta kara tafin hannu a gefen baki, ta yi wani kira siriri mai karyewa a ƙarshe. Ta yi sau biyu.

Da farko ba mu ji komai ba. Sai kuka ya amsa daga ƙasa, sai ƙarar kofato a kan dutse. Suka ɓullo a guje ɗaya bayan ɗaya, suka kewaye ta suna tura hanci cikin zanenta. Na ƙirga bakwai. Can baya sai ga na takwas, ɗan jariri, yana tangaɗi a kan ƙafafun da suka fi ƙarfinsa. Ashe da asuba ta je ta janye ƙayar da ta toshe bakin garken duwatsun.

Ta juyo ta fuskanci jama'a, ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ni ta. Ni niɗ ɗauke su. Alhaji, sau biyu ina ce maka tumakin ga na bukatar kanwa, kac ce dusarka ta buhu ta hi ƙasa. Ran Lahadi nib biyo ta ƙohwarka nig ga mai cikin tana tauna leda. Nic ce in kai su su lasa, in maido su kahin ka dawo kasuwa. Muna nan haihuwa tat taso mata. Ina cikin share ɗan nih hango babura da sanduna. Tsoro yak kama ni. Shekara saba'in ba a taɓa kirana ɓarauniya ba. Nig gangara da su, nib bi ta bayan gari nik koma gida. Kuma nib bari anka ɗaure ɗan mutane kwana biyu. Wanga shi na laihin da yah hi. A kai ni inda za a kai ni. Amma ɗakin ga bai saci komi ba."

Alhaji Mukhtar ya dubi tumakinsa, ya dubi ɗan jaririn, ya cire hula ya sosa kai. Mutum ne mai faɗa amma ba mugu ba.

"Bakwai nib bari, takwas nis samu," ya ce. "In na kai ƙara, alƙali dariya za shi yi mani. Tashi, Goggo, don Allah tashi. Ki riƙa kawo su duk sadda kig ga dama, amma ki riƙa sallama."

Ba ta tashi ba. Ta ja gwiwa har gaban Jabiru, wanda ake kwance wa igiya.

"Ka gan ni," ta ce. "Kai kar riƙe mani kan tunkiyar tana naƙuda. Don mi ba ka hwaɗi ba?"

Jabiru ya sunkuyar da kai. "Inna, kin kai uwata. Ƙaƙa za ni nuna ki da yatsa gaban masu sanduna?"

Nan ta fashe da kuka, irin na tsofaffi, mara sauti. Mata suka zo suka ɗaga ta. Mu kuwa da muka yi kamun, kowa ya sami abin kallo a tsakanin ƙafafunsa.

Maigari ya yi gyaran murya. Ya ce maganar rushe ɗaki ta mutu. Sannan ya juya ga Jabiru ya ce gari ya zalunce shi, ya faɗi abin da yake so a yi masa, ko tunkiya ce Alhaji zai bayar. Alhaji ya buɗe baki, ya tuna jama'a na kallonsa, ya gyaɗa kai.

Jabiru ya miƙe a kan ƙafa ɗaya, ya dogara da sandarsa. Ya daɗe yana kallon ɗakin.

"Ranka shi daɗe, ba ni son tunkiya. Ruhin ga shina yoyo ta kusurwar gabas. Ran Asabar a zaune nik kwana, ruwa na zuba mani a wuya. Waɗanda sunka ɗaure ni su gyara shi."

Aka yi ta kallon juna. Attahiru ya share ido da gefen rigarsa, ya karɓi shebur daga hannun wani ya miƙo mini.

"Kai aka jira, Sirajo. Babur ɗinka na gaba."

Na tuɓe riga, na naɗe wando. Har azahar ina kwaɓa ƙasa da ƙafa, ni da masu babura takwas da masu sanduna, Izzuddeen yana jawo ruwa turarensa na tsiyaya. Jabiru yana zaune a inuwar aduwa yana nuna mana inda ba mu cike ba, Goggo Kubra kuma ta ɗora ƙafarsa mai kumburi a cinyarta tana gasa masa da ruwan zafi. Da muka gama ya sa aka ɗebo guga uku aka kwara a kan rufin, ya shiga ciki da ɗingishinsa ya tsaya a kusurwar gabas, mu duka muna jira a waje. Ya jima, sannan ya leƙo.

"Inna," ya ce, "ba shi zuba."